AUDUGA KO ROBA? SHAWARA GA MAI SAYEN YADIN NAFKIN

Wanda duk ya bi hanyar nan da ta rabu daga Kwanar Ɗangora ta nufi Tudun Wada, ta keta dajin Falgore ta ɓulla Doguwa, in ya sauka a wani gari ya zaga bayan gidaje, zai ga wani abin da kakanninmu ba su san shi ba. Zai ga nafkin ɗin jarirai na kanti, irin wanda a ke ɗaurawa sau ɗaya a yar, ga shi nan bisa juji, ga shi cikin kwata, kaji na tono, awaki na ja. Mutane su kan kira shi famfas, daga sunan Pampers, wanda wani kamfani na Amurka ya fara sayarwa a 1961. Bai daɗe ƙwarai da shiga ƙauyukanmu ba, amma ya shiga da ƙarfinsa.

Abu ne mai sauƙi, ba mai musun wannan. Amma sauƙin nan da kuɗi a ke sayensa. Jariri sabon haihuwa ya kan ɓata jikinsa har kamar sau goma tsakanin dare da rana, in ya yi ƙwari ya koma kamar sau shida. Mu ɗauki shidan nan kaɗai, mu riɓa da kwanakin shekara, za mu sami 2,190. Kowane ɗaya kuwa sai an sa hannu a aljihu. Tun daga 2023, da aka janye tallafin man fetur, darajar Naira kuma ta faɗi, kayan kanti suka yi tashin gwauron zabo, albashi bai bi su da irin wannan gudu ba. To, sai tsimi ya sa waɗansu iyaye su ke barin yaro da nafkin guda tun safe har la'asar. Fatar yaro ta yi ja, ta saɓule, ya kwana yana kuka, abin da aka tsimta kuma a kai shi ɗakin magani.

Don haka gidaje da yawa su ke komawa ga nafkin na yadi, wanda a ke ɗinkawa a gida, a wanke, a sake ɗaurawa. Na rubuto wannan ne dominku, malaman ofis da malaman makaranta, don a yawancin gidajenmu maigida ne mai zuwa kasuwa. Uwargida ce za ta ɗinka, ita za ta wanke, jariri ne zai ɗaura, amma kai ne za ka zaɓa. In ka zaɓo mugun yadi, wahalarta da kuɗinka duk sun tafi a banza.

ƘASAR NAN BA BAƘUWAR AUDUGA BA CE

Kafin mu shiga kasuwa, bari mu ɗan waiwaya. Kudancin Kano tsohuwar ƙasar auduga ce da fatauci. Baturen nan Clapperton ya bi ta Bebeji a 1826, kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya tarad da ita babban gari ne na 'yan kasuwa. A Bebejin nan kuma aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya ga tufafin da a ke saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Ya ƙiyasta abin da a ke sayarwa waje a shekara da wuri miliyan 300, a taƙaice.

Wannan arziki kuwa a tsakar gida ya ke farawa. Maigida ya nomo auduga, mata su gurje ta su fid da angurya, su shiɓe, su kaɗa da mazari. Zare mai kauri, watau abawa, da siriri mai murɗi, duka su kan tafi wurin masaƙi, ko kuwa mace ta kafa masaƙarta a ɗaki ta saƙa gwado. Sa'ad da zane ya tsufa ya yi laushi, sai a yayyaga shi ya zama tsumman jariri. A wancan zamani ba wanda ya ke tambaya ko yadi auduga ne, don in ban da ɗan tsamiya da alharini na masu hali, kusan kome auduga ne.

Zuwan Turawa ya juya kasuwar. An kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila a 1902, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka kawo irin audugar Amurka da a ke kira Allen a 1912, yadin Ingila kuma ya cika kantuna. Daga baya, zamanin Sardauna, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, akoko kuwa shi ne abin da ta fara saƙawa. Shekaru da yawa talaka na sayen yadin auduga na gida cikin rahusa. Amma wannan masaƙa ta rufe a 2002, babbar maƙwabciyarta UNTL ta tsai da aiki a 2007, masaƙun Kano da dama su ma suka yi shiru. Yadin waje, galibi daga ƙasar Sin, ya maye gurbi, da yawa daga cikinsa kuwa ba auduga ba ne.

Wannan baƙon zare shi ne foliyesta, wanda mu ke cewa roba. Waɗansu masana biyu na Ingila, Whinfield da Dickson, su suka ƙago shi a 1941, asalinsa kuwa daga man fetur ne. Yau a kan buga masa zanen atamfa, a kan yi shi fari fat kamar alawayyo, har mai ido ya ruɗe. Abin da kakarka ba ta buƙaci sani ba, kai tilas ka san shi.

ABIN DA A KE NEMA GA NAFKIN

Abu huɗu a ke nema. Na fari, ya sha ruwa. Na biyu, ya yi laushi, kada ya kuje fata. Na uku, ya jure wanki da tafasa kullum. Na huɗu, ya bushe da wuri. Ado ba ya cikin lissafi.

Auduga ita ce ta haɗa ukun farko. Kowane silin auduga yana jan ruwa zuwa cikin jikinsa. Ko a rataye ta ke, ta kan riƙe danshin iska kamar kashi 8 cikin 100 na nauyinta ba tare da an ji ta jiƙe ba, roba kuwa ba ta riƙe ko kashi 1. In aka zuba wa roba ruwa, sai ya bi ta ƙofofin saƙa ya wuce, ko ya kwanta tsakanin yadi da fata. Nan ne fitsari ke haɗuwa da ƙwayoyin cuta na kashi, ya yi zafi, ya ci fatar yaro. Har wa yau auduga ta fi ƙarfi in ta jiƙe, ba ta tsoron ruwan zafi, ba ta tsoron dutsen guga. Roba in guga ya yi zafi sai ta narke, kuma ta kan riƙe maiƙo da wari.

A na huɗun ne kaɗai auduga ta ke da rauni, don abin da ya sha ruwa da yawa ya kan daɗe bai bushe ba. Wannan abin lura ne ƙwarai ga mutanen Doguwa da Riruwai da Tudun Wada, inda damina ta fi ta birnin Kano yawa da tsawo. Cikin marka a kan yi kwana biyu rana ba ta fito sosai ba. Maganin wannan ba roba ba ne. Maganinsa shi ne a zaɓi yadi mara kauri, a bar shi falle ɗaya, a riƙa ninkawa sa'ad da za a ɗaura. In an wanke an baza, nan da nan ya bushe.

IRE-IREN YADI

Akoko shi ne yadin auduga wanda ba a wanke shi da maganin fari ba, launinsa kamar na madara. In an same shi na gaske, ba abin da ya fi shi rahusa da ƙarko. Sai dai sabonsa ba ya shan ruwa, don akwai ɗan maiƙo na halitta a jikin auduga, ga kuma kanjin da a ke sa wa zare a masaƙa. Kada wannan ya ruɗe ka. A tafasa shi da sabulu, a wanke sau uku ko huɗu, sai ya saki jiki ya fara sha.

Alawayyo fari ne, ya fi akoko laushi tun farko, amma sau da yawa ya fi shi rashin kauri. Ya dace da jariri sabon haihuwa in an ninka shi da yawa, ya kuma dace da adikon goge hannu. In wani ya ƙi shi don da irinsa a ke yin likkafani, wannan camfi ne kawai.

Yadin tawul ya fi duka shan ruwa, saboda 'yan madaukan zaren nan da ke tsaye a fuskarsa. Da shi a ke yin nafkin ɗin kanti na wanki, wanda girmansa ya kan zama inci 24 kowane gefe. Ya dace da dare, da kuma yaron da ya yi ƙwari. Aibinsa biyu: ya fi tsada, kuma ya fi daɗewa a kan igiya. Wanda zai iya, ya sami guda shida na dare, sauran na akoko.

Filanel yadin auduga ne da aka taje fuskarsa ta yi gashi-gashi. Ba abin da ya kai shi laushi, don haka a kan yanka shi ƙanana a shimfiɗa daga ciki, wajen da ke taɓa fata. Amma a lura, gashin nan yana kama wuta da sauri. Lokacin sanyi, da a ke kwana da garwashi a ɗaki, a nisanta shi daga kasko.

Gwado da farin saƙar gida, in an same su, ba su da laifi ko kaɗan. Abawa zare ce mai sassaucin murɗi, tana shan ruwa ƙwarai. Sai dai in saƙar maza ce mai ƙwarya-ƙwarya, a duba haɗin, kada kaurin ɗinki ya faɗa inda zai kuje cinyar yaro.

Tsohon zane kuwa, da tsohuwar zuma a ke magani. Atamfar auduga da ta sha wanki shekara biyu ta riga ta zubad da kanji da rarar rini, ta gama tsukewa, ta yi laushi. Haka tsohon zanen gado da tsohon tawul. In na gwanjo ne, a tafasa tukuna. A ɗaga shi ga rana, a yanke wuraren da suka ci, a ɗauki masu sauran ƙarfi.

Waɗanda za a guje su kuwa, ga su. Shadda, ko ta auduga ce, saƙarta a matse ta ke, an kuma buge ta ta yi ƙyalli, ruwa sai ya gangara. Leshi ba a maganarsa. Yadin rigar makaranta galibi gauraye ne, kashi 65 roba, kashi 35 auduga, ya yi kyau ga riga amma bai yi ga nafkin ba. Baƙin rini mai zuba, irin na rawani ɗan Kura, ado ne ga manya, ba na fatar jariri ba ne. Wandon roba da a ke sawa daga waje don kare zanen goyo, a bar shi sai za a fita unguwa, don yana hana iska shiga.

Game da launi, fari ya fi. Fari ba ya ɓoye dauɗa, ba shi da rinin da zai zuba cikin tukunya, kuma a kansa uwa za ta ga launin kashin ɗanta. In ta ga jini, ko majina, ko kashi ya koma fari kamar alli, ko ya zama ruwa tsararo, sai ta san lokacin zuwa asibiti ya yi.

GWAJI SHIDA A GABAN MAI YADI

Ko a Kantin Kwari ka ke, ko a kasuwar Kwanar Ɗangora, kada ka dogara ga rubutun da ke bakin yadi, kada kuma ka dogara ga rantsuwa. Sau da yawa mai sayarwa shi ma haka aka gaya masa. Ka roƙe shi ɗan ƙyalle kamar faɗin tafin hannu. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Na ɗaya, ka dunƙule shi cikin hannunka, ka matse, ka saki. Auduga za ta yamutse ta zauna a haka. Roba za ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba.

Na biyu, ka murza shi tsakanin yatsu kamar mai wanki. In ka ga farin gari na zuba, kanji aka cika masa don ya yi nauyi. Wankin farko zai mai da shi rariya.

Na uku, ka ɗaga shi ga rana. Saƙa ta zama daidai ko'ina, ba wani wuri a matse wani a sake ba. Haske ya riƙa ratsowa kaɗan-kaɗan, amma kada ka iya gane fuskar mutum ta ciki.

Na huɗu, ka wanke gefen ƙyallen, ka bari ya sha iska, sa'an nan ka ɗiga masa ruwa. A kan auduga ɗigon zai nutse ya bazu. A kan roba zai tsaya kamar ƙwallo, ko ya zarce ƙasa.

Na biyar, shi ne alƙali. Ka koma gefe, nesa da tulin yadi, ka zare zare biyu ko uku daga tsawo, biyu ko uku daga faɗi, don wani yadi tsayensa roba ne, kwancensa auduga. Ka ƙyasta ashana. Auduga za ta ci da sauri, ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi wadda za ka murje ta ɓace. Roba za ta ja da baya daga wuta, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar ɗan dunƙule mai tauri wanda ba ya murzuwa. Kada ka taɓa shi sai ya huce. In ka sami toka da dunƙule tare, gauraye ne. Akwai kuma wani zare mai santsi da a ke yi daga itace, wanda ke cin wuta kamar auduga. Shi kuwa ka jiƙa silinsa ka ja, za ka ga ya tsinke da sauƙi, alhali auduga in ta jiƙe sai ƙara ƙarfi.

Na shida, in yadin mai launi ne, ka jiƙa farin hankici ka goga a kansa. In launi ya biyo, ka bar shi. Daga ƙarshe ka goga shi a kumatunka. Abin da ya yi wa kumatun babba kaushi, ina ga jariri?

LISSAFIN YADI DA ƊINKI

Ga inda malamin ofis zai nuna gwanintarsa. Kafin ka tambayi kuɗin yadi, ka tambayi faɗinsa. Yadi ɗaya inci 36 ne a tsawo, amma faɗi ya kan bambanta. Sa'an nan ka tuna sabuwar auduga ta kan tsuke bayan wanki, kamar kashi ɗaya cikin ashirin, akoko wani lokaci har ya fi haka. Don haka ba a sa almakashi sai an wanke, an shanya, an goge.

A ganina jariri yana buƙatar dozin biyu da rani, talatin da damina, in dai kullum a ke wanki. To, a ce ka sami mai faɗin inci 48. Bayan wanki ya koma kamar 46, ka raba biyu, kowane nafkin ya zama inci 23. Yadi shida inci 216 ne, bayan wanki kamar 205. Wannan zai ba ka layi takwas, watau nafkin 16, da ragowar inci 21. Yadi tara zai ba ka 26. Amma in mai faɗin inci 36 ne, nafkin ɗaya kaɗai zai fita a kowane layi, dozin biyu sai ya ci fiye da yadi 16. Ka ga yadin da ya fi araha a baki yana iya fin tsada a lissafi. Ragowar gefen dai ba asara ba ce, da ita a ke yin ƙyallen tsakiya da a ke ninkawa a ƙara.

Adikon goge hannu na baƙi kuwa, yadi ɗaya mai faɗin inci 36 zai ba da guda huɗu, kowane inci 17. Ya fi takardar goge hannu da a ke saye a yar, ya kuma fi mutunci a gaban baƙo. Amma lalle a yi masa kalmasa da zare mai launi dabam, a ajiye shi dabam, a wanke shi dabam, kada ya taɓa haɗuwa da na jariri.

Wajen yanka, a zare sili ɗaya daga gefe zuwa gefe, a bi sawunsa da almakashi, sai yankan ya miƙe. A yi kalmasa siririya, ninki biyu, kowane kamar rubu'in inci, don kalmasa mai kauri ta kan yi wa yaro shaida a jiki. Keken ɗinki ya fi sauri, amma allura da zare sun isa. Kada a haɗa falle huɗu ko biyar a ɗinke su wuri ɗaya. Sabulu ba ya fita daga tsakiyarsu, rana ba ta kaiwa can, nan wari da fumfuna ke zama. Maimakon fil, a ɗinka 'yan maɗaurai na yadi a kusurwa biyu. In kuwa fil za a sa, ya zama mai kulle, uwa kuma ta sa yatsunta tsakanin yadi da cikin yaro. Duk wannan a gama shi tun ciki na wata bakwai ko takwas. Ba a fafe gora ranar tafiya.

WANKI SHI NE RABIN AIKI

Yadi mai kyau da mugun wanki, gara babu. A kankare kashi a zuba a masai, don kashin jariri ma yana ɗauke da ƙwayoyin zawo kamar na babba. A ɗauraye da ruwan sanyi tukuna, don ruwan zafi ya kan kama tabo. A tara cikin bokiti mai murfi, inda yara masu rarrafe ba za su kai ba. A wanke da sabulu, a ɗauraye har kumfa ta ƙare sarai, don ragowar sabulu ma tana cin fata. Ba a sa kanji. A tafasa lokaci-lokaci, balle in yaro na zawo ko ƙuraje. Cikin kwana arba'in na jego wuta ba ta mutuwa a gida safe da yamma, ɗora ƙaramar tukunya ta musamman a gefe ba zai ƙara itace mai yawa ba. Kada a yi wankin nan a bakin rijiya ko cikin rafi. Ruwan wankin a zuba shi a masai, mai wanki kuma ta wanke hannunta da sabulu kafin ta taɓa abinci.

A shanya bisa igiya, cikin rana, ba a ƙasa ba. Akwai wani ƙuda da Turawa ke kira tumbu, wanda ke yin ƙwai a ƙasa mai fitsari ko a jiƙaƙƙen tufa, musamman a inuwa da damina. Tsutsarsa ta kan shiga fata ta yi kumburi kamar maruru. Guga mai zafi, ciki da baya, yana kashe ƙwan. Ga wani dalili kuma na zaɓen auduga, don ita ce ke jure irin wannan guga.

MAGANAR DA KUNYA KE HANAWA

Akwai wata magana da ba a cika yi a zaure ba, amma malaman makaranta sun san ta. 'Yammata da yawa ba su da kuɗin audugar mata ta kanti, waɗansu har su kan ƙi zuwa aji kwanakin al'adarsu. Ƙunzugu na yadi ba abin kunya ba ne, da shi iyayenmu suka rayu. Sharuɗɗan zaɓensa su ne waɗanda muka faɗa: auduga zalla, mai laushi, falle ɗaya a ninka. A nan ba laifi in an ɗauki mai duhun launi, in dai ba ya zuba. A wanke da ruwan sanyi da sabulu, kowace da nata, a sauya sau da yawa a yini. Babban kuskure shi ne shanya shi a ɓoye, ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa, a ɗaura shi da danshi. A shanya a rana, in ana jin nauyi a yafa masa siririn mayafi. Tun 2014 a ke ware ranar 28 ga Mayu a duniya don tunatarwa kan wannan tsabta. Malamai mata za su iya koya wa 'yammata ɗinkinsa a ajin aikin hannu, malamin lissafi kuma ga darasin awo a shirye.

KALMAR ƘARSHE GA MAIGIDA

Kada mu ruɗi kanmu. Abin da aljihunka ya huta, hannun uwargida ne ya ɗauka. Nafkin goma kullum ba ƙaramin wanki ba ne ga mai jego. In ka sayo yadi ka kawo, aikinka bai ƙare ba. Sabulu naka ne, ruwa naka ne, itace da gawayin guga da igiyar shanya naka ne. Wanda ya hana waɗannan, sa'an nan ya ce matarsa ƙazama ce, bai yi adalci ba.

Na kanti kuma yana da ranarsa: tafiya mai nisa, kwanan asibiti, ko uwa ba ta da lafiya. Amma in an yi amfani da shi, a zubad da kashin a masai, a ƙunshe shi a binne nesa da rijiya, kada a jefa a kwata ko rafi. Akwai leda a jikinsa, ba ya ruɓewa kamar tsumma. Mu tuna Kogin Kano daga kudancin nan ya ke gangarowa, ya ratsa Falgore ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Da ruwan nan a ke noman rani a Kadawa da Kura. Abin da muka jefa a rafin bayan gida, wani ne zai same shi a gonarsa.

Saboda haka, malam, ran da aka ce da kai lokaci ya matso, ka sa ashana da farin hankici da abin awo a aljihu, ka nufi kasuwa. Kada ƙyalli ya ja ka, kada araha ta ruɗe ka. Yadi tara na auduga ta gaske, in an kula da shi, zai goyi wannan, ya jira ƙanensa. Allah ya raya mana zuriya, ya ba iyayensu mata lada. Amin.